Lawali Ya Rasu, Gidansa Babu Masu Gaisuwa

Ina shan koko da safen nan Ramatu ta buga waya: "Baba Garba, babana ya tafi."

Har yanzu kofin na nan inda na aje shi.

Kowa cikin mutanenmu a nan Greensboro ta Amurka ya san Lawali ba ya salla. Bai ɓoye ba. A gaban kowa yake cewa bai yarda akwai Allah ba. Shekaru muka yi muna musu, ban karkata ba, shi ma bai karkata ba.

Amma duk Juma'a shi ke kai ni masallaci. Sai ya tsaya a fakin da littafi. In na fito ya ce, "Malam, an karɓa?" In ce, "Ja mota, ɗan nema."

Ni ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Rubutun nan da kuke gani, da karkacewarsa, shi ya koya mini da furfurata. Shi kuma ya zauna yana tambayata sunayen tsofaffin rijiyoyin garinmu da waɗanda suka haƙa su, har in gaji.

Yana tuƙin tasi, yana zuwa aji da yaran da ya yi jika da su. Bara karatun taurari, bana na ƙudan zuma. Na ce, "Me za ka yi da wannan, kai da ka ce babu gobe kiyama?"

Ya ce, "Kai salla ke tashe ka da asuba. Ni abin da ban sani ba tukuna ke tashe ni."

A asibiti, da roba a hanci, ya damƙe hannuna: "Ka san zuma rawa take yi ta nuna wa 'yan uwanta hanya?" Na ce masa ya yi shahada. Ya yi murmushi, ya ce in gyara masa filo.

Na gyara.

In ɗayanmu ya rasu, kafin azahar gida ya cika, mata sun ɗora tukwane. Yau Ramatu ita kaɗai ce a gidansu na McLeansville, can wajen gari. Wani alhaji da na kira ya ce mini, "Wannan ba namu ba ne." Na kashe wayar.

Ban zo jayayya da malamai ba. Lawali na bar shi ga Wanda ya halicce shi, Ya fi ni saninsa.

Allah Ka ba Ramatu haƙuri, kada Ka bar ta cikin kaɗaici. Ku yi mata addu'a, sannan ku zo da ƙafarku. Na shimfiɗa tabarma a falonsa, ko ni kaɗai ne zan zauna kwana ukun.