Sandar Gora Mai Jan Ƙyalle

Shekarar da aka fasa hanyar Nguru zuwa Gashua don a sabunta ta, na samu aikin tsayar da motoci. Wurin da aka ajiye ni fadama ce, ruwa hagu ruwa dama, ciyawar kacalla ta tsiro ta fi mutum tsawo. An cire tsohuwar kwalta ana zuba kwalbatoci, sai aka bar wata siririyar hanyar jar ƙasa a gefe, wadda mota ɗaya kawai take ɗauka. In biyu suka haɗu a tsakiya, ɗaya sai ta gangara ruwa. Wannan tunanin nake tashi da shi, shi nake cin tuwo da shi.

Ni ina bakin Nguru. A can bakin Gashua akwai wani dattijo Babade, wato ɗan ƙabilar Bade, masunci ne kafin ya samu aikin. Ba ma hango juna saboda kwanar hanya da kacalla, waya kuma ba ta shiga a kwarin. Sai foman ya ba mu sandar gora guda, an ɗaura mata jan ƙyalle. Wanda sanda take hannunsa shi yake sakin motoci. In ya gama, sai ya ba direban ƙarshe ya kai wa na ɗaya bakin. Sanda ta iso, wato hanya ba kowa.

Dattijon ne ya fara ɗaura mata kaya. Ran nan ta iso da ƙullin leda, na kwance na ga bandar tarwaɗa. Direban ya ce, "Baba ya ce ka ci, wai an faɗa masa kai ramamme ne." Na rasa me zan mayar, sai na ɗaura dabino. Daga nan ba ta ƙara tafiya haka nan ba. Goro, aya, wani lokaci gaisuwa kawai a bakin direba. Na san yana tari da damina, ya san matata ta haihu, amma ban san fuskarsa ba.

Layin motocin ma ya zama 'yar kasuwa. Matan ƙauyen da ke kusa suna kawo fura da dafaffiyar masara, masu kifi suna shimfiɗa buhu a gefe. Da farko sun yi fushi don tifofi sun tattake musu hanyar rijiya, amma foman ya sa aka gyara, aka shirya.

Wata ranar kasuwar Nguru, da hantsi, motocin Gashua suka iso suka wuce, na miƙa hannu ga ta ƙarshe, direban ya ce shi ba a ba shi komai ba. In ba shi ne na ƙarshe ba, akwai wata a hanya ke nan. Na tsaya a tsakiya da jar tutata.

Rana ta ɗaga, layi ya yi tsawo. Wani direban da ya yi lodin ɗanyen tattasai ya sauko yana fifita da hula.

"Mai tuta, kayana za su dahu a buhu. Miya kake so na kai musu?"

"Ka yi haƙuri, sanda ba ta zo ba."

"Ga sanduna nan a daji, in karyo maka goma?"

Wata tsohuwa ta leƙo ta tagar bas ta ce, "Ɗan nan, tun ba a kafa ƙofar karɓar kuɗin da ake faɗa ba, ka kafa taka?" Aka fashe da dariya. Na yi dariyar ni ma. Ina jin tausayin mai tattasai, ina kuma hango bas ɗin tsohuwar nan a zuciyata kife a cikin kacalla in na sake su. Na ce a raina ko dukana za su yi, ba zan matsa ba.

Ana gab da azahar sai na hango mutum yana tahowa a ƙasa daga kwanar, gajere, wandonsa a naɗe, yana dogara sabuwar gora. Ya yage gefen rawaninsa ya ɗaura mata, ya shafa wa ƙyallen jar ƙasa don ya yi ja. Ya zo har gabana yana haki.

"Kai ne ramammen?"

"Ni ne, Baba."

"Na ji shiru na ce ƙanena yana can ya ƙame. Wanda na ba sandar ashe ƙauyensu ya ratse da ita. Na tako hanyar kaf, ba kowa sai akuya ɗaya, ita ma na roƙe ta ta kauce."

Ya miƙo min gorar. Na so in ce ya zauna ya sha fura, amma motoci sun fara hon. Ya shiga gaban motar mai tattasai ya koma. Ganinmu ke nan, na farko kuma na ƙarshe.

Ranar da aka buɗe sabuwar kwalta, ba wanda ya gaya mana tun da wuri. Sanda ta iso min da goro biyu a ɗaure, ina shirin sakin motoci sai foman ya zo ya janye gangunan tare hanya, ya ce an gama, kowa ya wuce. Motoci suka zuba da gudu ta kan sabon titi, ba wanda zai tsaya ya karɓi saƙo.

Na je Gashua nemansa, na bi bakin kogi wajen masu saƙar komar kamun kifi. Suka ce ya bi ruwa ya yi gabas, ba su san ranar dawowarsa ba.

Yanzu in na wuce fadamar a mota, kafin in gane inda nake tsayawa har mun bar wurin. Babu masu fura, babu masu kifi. Gorar tana bayan ƙyauren ɗakina. Matata ta so ta yi shanya da ita na hana. Abin da ke damuna shi ne, a ƙa'idarmu, in sanda tana wurina, to shi ne yake jira. Kullum na je tasha ina tambayar direbobin Gashua ko sun ga wani gajeren dattijo mai tari, don akwai saƙon da zan ba su.