Kujerar Duna

Ran kasuwar Yankara, gindin tsamiyar kafintoci, ga wani dattijo tsaye kan sabuwar fijo, ko ledar kujerunta ba a ɓare ba. Hularsa ta sha jiki, wandonsa duk ƙaya ta yage shi. Ka gan shi ka ga mafarauci. Ƙila ɗansa ne kuɗin fetur suka samu a birni ya aiko masa mota. Kujerar baya tana ƙasa, an shimfiɗa buhuna a gurbinta, kafinta na kafa katako tsakanin gaba da baya. Gefe guda wani baƙin kare mai girman maraƙi na lasar gurguwar ƙafarsa.

"Baba," in ji kafinta, "kowa Hajiya yake ɗauka a mota, kai kare?"

"Hajiya gaba za ta zauna, ɗan nan. Ƙara mani tsawon katakon, kada yawun Duna ya taɓa mata mayafi, kada kuma in taka burki ya faɗo."

Dattijon yana jijjiga katakon da hannu biyu, idonsa kan karen.

"Tun shina kwikwiyo yake bin kekena a ƙasa har Mabai. Yau dai kwance za shi."