Gonar da Taswira Ta Kira Fili

Wajibi ne a kan hukuma, kafin ta karɓe gonar talaka, ta kira shi ta ji ta bakinsa. Haka yake rubuce a littafin ƙa'idojin En'e, wato hukumar gargajiya, kuma da hannuna na kwafe shafin lokacin da nake magatakardar hakimi a wata gunduma arewa da birnin Kano, zamanin Turawa. Wannan haƙƙi ne aka tauye wa ƙanwar kakata, tsohuwar da duk ƙauyenmu ke kira Inna.

Hukuma ce ta so gina bariki domin saukar Turawa masu rangadi, sai ta aiko malamin awo da rani ya nemo filin da ba a nomawa. A ƙasarmu kuwa gona tana jingine da gona, babu inda mutum zai taka ya ce ba na kowa ba ne. Maƙwabtan Inna sun bar tushiyar dawa tsaye a nasu, ya rubuta su gonaki. Ita kuwa, kamar yadda ta saba kowace shekara, ta sa an kwashe kara, an tumɓuke tushiya domin girki, an share wurin tas. Malamin ya duba bai ga komai ba, ya rubuta a taswira cewa fili ne. Umarni ya fito, aka kafa turaku, ba wanda ya tambaye ta.

Washegari ta same ni a zauren hakimi. Da yake akwai wasan kaka da jika tsakaninmu, ba ta ko yi sallama ba.

"Mai gidana, ashe da alƙalaminka aka cinye ni? Yau sai ka ba ni takardar sakina."

Na ce, "Inna, ni kwafar umarnin kawai na yi."

"To, kwafo mini gonata."

Muka je wurin alƙali, ya ce ba shi da hurumin taɓa umarnin En'e, sai dai Joji, wato Baturen da ke da ikon sake duba irin wannan hukunci. Na rubuta mata takardar koke bisa hujja biyu: ba a ji ta bakinta ba, kuma wurin gona ne. Na aika, na ajiye kwafi. Hakimi ya daɗe bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Joji ya iso gab da faɗuwar damina, aka kafa masa tebur a gindin tsamiya kusa da gonar. Ya karɓi umarnin da taswirar da koken, sa'an nan ya tambayi dagaci ko an kira tsohuwar kafin a kafa turaku.

Dagaci ya gyara rawani ya ce, "Ranka ya daɗe, an dai yi niyya."

Jama'a suka fashe da dariya, ni kuwa na rubuta amsar yadda ta fito.

Joji ya nuna taswira, tafintansa ya ce, "Inna, takarda ta ce nan fili ne."

Ta ce, "Ɗan nan, gaya masa takardar ba ta taɓa cin tuwon wurin ba. A ba dagaci fartanya, tun da shi ne mai niyya."

Dagaci ya naɗe hannun riga ya sara. Ƙasa ta fito baƙa wuluk, haɗe da toka, da ƙwallon dabino, da tsingaron tukwane. Inna ta ɗauki guda ta ɗora a kan taswirar.

"Takin birni ne wannan. Jakuna suka riƙa kawo shi a mangala tun mijina na da rai. Tambaye shi, ko a ƙasarsu jeji yana haifar tsingaro?"

Joji ya yi dariya har ya cire hula. Ya soke umarnin nan take, domin ba a saurare ta ba, kuma an gina shi a kan kuskure. Aka tuge turakun, Inna ta kwashe su ta ce na ɗaure awakinta ne. Ruwan farko ta shuka gero, ta aiko mini da fura tare da saƙon cewa ta fasa maganar saki.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne har yau yake ci mini rai. An gina barikin a wani wuri, amma ba a gyara taswirar ba. Sau biyu na rubuta ban sami amsa ba. Jikokin Inna ke noman gonar yanzu, kuma duk ma'aikacin da ya buɗe waccan takarda zai iya maimaita abin da aka yi mata.

Saboda haka ina roƙon hukumar da taswirar ke hannunta, cikin girmamawa, ta binciko dalilin da ya sa ba a shigar da hukuncin Joji ba, ta soke kalmar fili, ta rubuta gona. Kwafin koken da na hukuncin suna wurina, haka ma tsingaron.