Diddigen Kaka

Ranar da ruwan shuka ya sauka a shekarar da na shiga aji uku, ban je lakwal ba, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili. Duk Ɗan Kassari ta watse gona. Baba na gaba yana sara da sungumi, Kaka na biye da ƙoƙon iri, ta jefa gero a rami ta rufe da diddige, ko sunkuyawa ba ta yi. Ni ne a ƙarshe, ina kwaikwayonta ina ɓarnar iri. A ranar na fara ganin tana ɗingishi.

Ni ne mai cire mata ƙaya, don ni take kira mijinta. Da muka zauna gindin gawo ta miƙo ƙafa, sai na ga wani baƙin tabo a diddigenta, kamar ƙwayar wake. Kowa ya ce tsohuwar ƙayar aduwa ce, mu da muke yawo ba takalmi me za mu zata? Aka sa man shanu, aka ɗaura ganye, tabon yana ta faɗi. "Miji ragon banza," in ji ta, "ƙaya guda ta gagare ka hiddawa?" Dariya take, amma tsoronta ɗaya ne, kada damina ta zo ta same ta zaune a gida.

Sai bayan girbi Baba ya kai ta asibitin Dogon Dutsi, daga can aka tura su Yamai. Lokotoro, wato likitan can, ya ce ciwon daji ne na fata, ya riga ya bazu, tiyata ba za ta yi ba. Ya ce akwai wata na'ura da ake haska wurin da ita, ko ba ta warkar ba tana rage ciwon da zafinsa, amma a lokacin babu ita a ƙasarmu. Suka dawo da ƙwayoyi.

Da ruwa ya sake sauka, Kaka ta rantse ba za a yi shuka ba ita ba. Muka ɗora ta a amalanken jaki, aka bi layi da ita a hankali. Tana jefa iri daga sama, ni ina rufewa. "Taka da kyau, mijina, yau ƙahwarka ce tawa." Na taka ina kuka, ta yi kamar ba ta gani ba. Ba ta ci geron nan ba.

Yanzu na'urar ta zo Yamai. Bara na raka wata gwaggona, aka haska mata nata ciwon, ta samu sauƙi har ta koma gona. Na yi murna, na kuma ji zafi a raina, don Kaka damina ɗaya kawai ta roƙa da ƙafarta. Har yau in na rufe rami da diddige, sai na taka da kyau.