Kalar Wutar Fulogi

Gyaran wutar mota Babana yake yi a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, tun kafin a haife ni, kuma in taurin kai ake nema, a gidanmu ba sai an fita waje ba. Shekarar da yana ta fara rufe masa ido kowa a gida ya sani, shi kaɗai ne bai yarda ba. Zai zuba shayi rabi a kofi rabi a tabarma, ya ce kofunan yanzu ne ba su da baki. Zai wuce limamin unguwarmu a ƙofar masallaci ba gaisuwa, sai ya ji murya ya juyo ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Likita ya ce aikin ba shi da wuya, a cire yanar ya kwana a gidansa. Baba ya ce idonsa lafiya lau, kuma wanda zai kai masa wuƙa ido ba a haife shi ba tukuna. Tsoro yake ji, mun sani, amma ba wanda ya isa ya faɗa a gabansa.

Da yayyena maza biyu suka gaji sai suka turo ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana, kuma bai taɓa iya yi mini tsawa ba. Saƙon a taƙaice yake: ko dai ya yarda a yi masa aikin, ko ya daina zuwa Magazin, don wanda ba ya gani sosai ba shi da abin yi tsakanin batir da fanka mai juyawa. Ni ma ina da nawa zafin kan, wurinsa na gada. Na rufe shagon atamfata a Adum wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na hau tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, ina jera maganganun da zan faɗa masa, da wata atamfa a leda da zan kai wa wata mata a Buokrom in na gama.

Wanda bai taɓa shiga Magazin ba ba zai gane ƙararta ba. Nan ana dukan ƙarfe, can ana walda, wani yana gwada oda kamar an sa shi dole. Rumfar Baba tana bayan masu gyaran bodi, kuma ranar wani cikinsu ya sa wata ƙofar mota a gaba da guduma, ba ya ko hutawa. Na tarar da Baba a gaban wata tsohuwar akori-kura mai shan fetur, bonet a ɗage, ya dafa ta da hannu biyu. Mai motar yana gefe yana share gumi. Batone ne, wato mutumin Asante, amma a bakin Zongo ya tashi, doya yake ɗaukowa daga arewa. Hausarsa irin ta nan ce, komai namiji ne a bakinsa.

"Masta, motan nan ya kashe ni," yake cewa. "Da safe ba ya tashi sai an tura. In ya ga tudu sai ya fara tari. Fita uku sun duba, kowa ya ce wuta yana nan."

Fita shi ne makanike a bakin Magazin. An canja masa kafireta, an canja fulogi, an wanke tanki, duk a banza. Baba ya amsa gaisuwata da fara'a, ya ce in zauna a benci, bai tambaye ni abin da ya kawo ni da ranar tsaka ba. Na zauna ina jiran mai doya ya tafi, don ba zan faɗa wa mahaifina irin wannan magana a gaban baƙo ba.

Daga bencin nan na kalli yadda yake aiki, abin da ban taɓa tsayawa na yi ba duk tsawon rayuwata. Hannunsa ya san hanya. Ya bi kan batir da yatsa ya murɗa ya ji ba ya motsi. Ya bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa, ko akwai wadda ta tsage. Bai laluba ba ko sau ɗaya. Sai ya zare babbar wayar da ke fitowa daga koyil, ya riƙe ta da filaya mai hannun roba, ya kusanta bakinta da jikin injin, ya ce wa mai doya ya yi ki, wato ya murɗa makulli. Injin ya juya, Baba ya karkatar da kai yana saurare. A nan na gane da me yake aiki watannin nan: da kunne. Wuta mai ƙarfi tana ƙara tas-tas in ta yi tsalle, ita yake jira ya ji.

Amma mai guduma bai bar shi ba. Baba ya ce a sake. Aka sake. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa injin, gabana ya faɗi don fanka tana daf da hannun rigarsa. Sau uku ana yi, bai ji ba, kuma bai gani ba. Ya miƙe da filaya a hannu. Mai doya ya leƙo ta taga yana jiran hukunci. Na san Baba, ya iya cewa koyil ne a je a sayo sabo, ba wanda zai musa masa. Na ɗauka abin da zai yi ke nan.

"Uwata," ya ce, bai ɗaga murya ba, "zo ki duba mini."

Na taso. Ya tambaye ni me ke cikin ledar, na ce atamfar mutane ce. Ya ce rana ta yi yawa, ko mai ido huɗu ba zai ga wuta a hasken nan ba. Ya sa muka yafa atamfar daga kan bonet zuwa gefe, ya cusa bakinta da kansa nesa da fanka, muka shiga ƙarƙashi ni da shi, kai da kai, cikin warin fetur. Yadi shida na mutane a kan baƙin mai!

Aka yi ki. Na ga ɗan haske ya yi tsalle daga waya zuwa ƙarfe, na ce da murna akwai wuta. Ya ce fita uku ma haka suka ce. Ya tambayi kalarta. Na ce ai wuta wuta ce. Ya yi dariya ya ce ni da nake raba wa mata shuɗi kala bakwai a shago, yau ni ce ban san kala ba? Na ji haushi, na ce a sake. Wannan karon na zuba ido sosai. Siririya ce, ja-ja haka, tana ɗan komawa ruwan ɗorawa, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya ja wayar baya kaɗan, misalin faɗin ɗan yatsa, ya ce in sake kallo. Ba ta tsallaka ba sam.

Ya bayyana mini a nan ƙarƙashin zanen, a hankali, kamar ba mai jiranmu. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, mai kauri, kuma tana tsallake wannan tazarar ba wahala. Raunanniya tana iya tsallake ɗan ƙaramin gibi a sarari, shi ya sa take ruɗin mutane, amma a cikin injin inda iska ta matse ba ta da ƙarfin kunna mai. Kuma tunda daga bakin koyil ta fito a raunane, laifin ba na fulogi ba ne, yana can baya. Ya buɗe murfin distirbita, ya nuna mini wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, ya ce sunansu kontak. Ya sa aka kunna makulli kawai, ya raba su da bakin sukudireba, ya ce me na gani. Na ce tartsatsi, babba ma. Ya ce madalla, to nan ne bai kamata a ga wuta ba. Kondensa ya mutu, wutar tana zubewa tun a hanya, ta kuma ƙone bakin kontak ɗin. Ya sa farce ya ji ramukan, ya kama yatsana ya ɗora ni ma na ji.

Sauran aikin bai nemi idona ba. Ya ɗauko kondensa a gwangwanin madara inda yake tara su, ya ɗaura. Ya goge bakin kontak da ɗan siririn zarto, ya yaga kwalin ashana ya zura tsakaninsu don auna gibin, ya ja ya mayar har ya ji ya kama daidai, sannan ya ɗaure. Na tsaya ina kallon yatsun nan masu kaushi suna juya ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ban taɓa alfahari da shi kamar lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba.

Muka koma ƙarƙashin atamfa. Aka yi ki. Shuɗiya ce, mai kauri, ta tsallaka kamar ba komai, har ni na ji tas ɗinta duk da guduma. Na faɗa masa. Ya mayar da waya, bugu ɗaya injin ya tashi ya zauna lafiya. Mai doya ya diro yana ta medase, wato godiya da yarensu, yana cewa Masta idonsa yana ganin abin da yara ba sa gani. Baba ya rufe bonet.

Da motar ta tafi muka zauna a benci. Ina naɗe atamfar da ta sha baƙin mai a gefe biyu, ina neman ta inda zan fara saƙon yayyena, duk maganganun da na jera a tirotiro sun watse. Shi kuma yana goge hannu da tsumma, yana kallon wajen da motar ta bar.

"Tun ina saurayi ban taɓa tambayar wani kalar wuta ba," ya ce. "Sai yau."

Na ce ai ba komai, ni ba wani ba ce. Ya girgiza kai, ya ce gobe ina shagona a Adum, wa zai tambaya? Ya ajiye tsumman a gwiwa.

"Likitan nan naku, wace rana yake ganin mutane?"

Na ce Talata.

"To. Amma ke za ki riƙe mini hannu, Uwata, ba yayyenki ba. Ba na so su ga yana rawa."