Layin da Oga Garba Ya Ja da Hannunsa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da motar babban akawu ta tsaya cik a Palladan ba, injinta na ruri kamar zai tsage, ita kuwa ko taku ɗaya ta ƙi yi. Tunda yau na ji ɗayanku yana alfaharin zai ɗora wa wata ƙaramar mota babban inji, ku ajiye sufanun nan ku saurara.

A shekarun hamsin ne, kafin a sami mulkin kai. Ina aiki a wani gareji a Sabon Gari, ƙarƙashin maigidana Oga Garba. Ka'idar lokacin, mutum ya yi shekara biyar a hannun maigida, sannan a rubuta masa takardar shaida cewa ya iya kanikanci. In babu wannan takarda, ko kai ka ƙera motar, babu wanda zai ɗauke ka aiki na kirki, sai dai ka tsufa kana miƙa wa wasu sufana. Ni saura mini wata ɗaya cif. Akwai kuma wata doka ta garejinmu: duk motar da ta dawo a lalace kafin wata ya cika, wanda hannunsa ya yi aikin shi ke da laifi, kuma a ƙara masa shekara guda. Oga Garba ne ya kafa dokar, shi ne alƙalinta, kuma a iya zamana ban taɓa ganin ta kama shi ba.

Mai motar sunansa Malam Ɗahiru, babban akawu ne a wani ofis a Samaru, gidansa kuma a Jushi. Ya sayi wata 'yar ƙaramar mota baƙa a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Mota ce mai haƙuri, ba ta da wata cuta, sai dai ba ta san sauri ba. Damuwar Malam Ɗahiru guda ce. Akwai wani malamin makaranta, Mista Bulus, mai babur, wanda shi ma kullum da safe yake bin hanyar Samaru. Daidai Palladan yake cim masa, ya danna masa oda sau biyu, ya ɗaga masa hannu da ladabi, ya wuce. Wannan ɗaga hannun shi ya hana akawu sakat. Ya ce da a ce mutumin yana wucewa ne kawai da sauƙi, amma gaisuwar ce ba zai iya jurewa ba.

A bayan garejinmu kuwa akwai gawar wata a-kori-kura da ta faɗi da kayan auduga. Jikinta ya tashi daga aiki, amma injinta lafiya lau, kuma ya kusa ninka na motar akawu a ƙarfi. Ban san wanda ya fara kawo shawarar ɗora wa motar wannan inji ba tsakanin akawu da Oga, na dai tarar sun riga sun shirya, har ana shan lemo. Aka kira ni aka ce ni zan yi aikin, don a ga abin da na koya a shekara biyar.

Bari in yi bayani don waɗanda ba su daɗe a cikinmu ba. Aksul na baya shi ne dogon ƙarfen nan mai tulu a tsakiya, wanda ke tsakanin tayoyin baya. A cikin tulun akwai haƙora, daga nan kuma sanduna biyu na ƙarfe suka fita, ɗaya dama ɗaya hagu, mu muna ce musu shaf. Su ke murɗa taya. Duk ƙarfin da inji ya yi, ta cikin waɗannan sanduna biyu zai bi kafin ya isa ƙasa. Wanda ya ƙera mota ya auna kaurinsu ne daidai da injin da ya sa mata, ya ɗan bar rara kaɗan saboda ramuka da direbobi marasa imani. Wannan rarar ita ce iyakar abin da kake da shi. Kuma ba gudu ne ke kashe shaf ba, fizga ce: giya ta ɗaya, totur a ƙasa, a saki kuloci gaba ɗaya.

Na auna shaf ɗin motar akawu, kaurinsa bai wuce babban yatsana da kaɗan ba. Na je na durƙusa gaban Oga na ce masa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, aksul ɗin nan ba zai ɗauka ba, sai dai a canza shi duka. Bai ko ɗago daga kwanon gyaɗarsa ba.

"Kai Iliya, inji aka ce ka sa ko aksul?"

Na ce inji.

"To mutumin da ya zo a yi masa aski, ka taɓa jin an cire masa haƙori?"

Na gwada ta wajen Malam Ɗahiru. Ya saurare ni yana goge tabarau, sannan ya tambaye ni ko aksul yana ƙara. Na ce ba ya yi. Ya tambaya ko ana ganinsa daga waje. Na ce sai an sunkuya. Ya ce to shi bai ga dalilin da zai sa a ɓata lokaci kan abin da ba a ji ba a gani ba, kuma shi ya yi karatu har Kaduna, bai taɓa jin an ce aksul ne ke tafiyar da mota ba.

Kwana goma sha biyu na yi ina fama. Sai da muka yanke ƙarfe a gaba, muka matsar da lagireto, murfin gaba ma ya ƙi rufuwa sai da aka ɗaure shi da bel. Amma kafin in rufe bayan motar na tuna wata dabara da wani tsohon soja, Baba Kofur, ya koya mini, wanda ya gyara motocin soja a yaƙin Bama. Na zaro shaf ɗin nan biyu, na wanke su da fetur, na ja wa kowanne layi miƙaƙƙe da farin fenti daga kai zuwa gindi, na bari ya bushe, na mayar. Hikimar ita ce, ƙarfe ba ya karyewa haka kawai, sai ya fara murɗewa a hankali. Ido ba zai gane ba, amma layin zai karkace ya tona asiri.

Ranar da aka tayar da injin, kajin unguwa sai da suka watse. Malam Ɗahiru har da hawaye don murna. Bayan kwana uku ya kawo ta a ɗaure kusoshi, na faki ido na zaro shaf. Sai na ga layin ya riga ya fara kwanciya gefe. Na ɗauka a guje na kai wa Oga, ina ganin yanzu kam gani ya kori ji. Ya juya shi, ya hanga, ya kira sauran ma'aikata su zo su ga abin kunya. Ya ce shekara biyar yana ciyar da mutum, ashe ko layi miƙaƙƙe bai iya ja ba. Hannuna ne ya karkace, in ji shi, ƙarfen Ingila ba ya murɗewa. Aka yi ta dariya.

Wallahi raina ya ɓaci. Na tabbata motar nan za ta dawo a kan igiya kafin wata, kuma takardata ce za ta tafi. Amma a zamaninmu ba a musu da maigida. Sai na sunkuyar da kai na ce gaskiyarsa ce, hannuna na rawa, in ba zai damu ba ya nuna mini yadda ake yi, don kada in fita da jahilci in zubar masa da mutunci.

Nan fa na sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya miƙe ya naɗe hannun riga, ya sa aka goge nawa layin, aka kawo masa rula ta ƙarfe. A gaban kowa, har da Malam Ɗahiru da mai sayar da rake na bakin ƙofa, ya ja layi a kan shaf ɗin duka biyu, yana yi yana wa'azi. Layi ne kam kamar an ja da zare. Da ya gama ya ɗaga sama ya ce kowa ya shaida, wannan shi ne layin gwani, kuma in an shekara aka buɗe haka za a same shi. Na ce Allah ya ƙara basira, na jira ya bushe, na mayar da su.

Ba a shekara ba, kwana tara aka yi. A kwanakin nan akawu ya wuce Mista Bulus sau da yawa, amma bai gamsu ba, saboda malamin ya ci gaba da ɗaga masa hannu, wannan karon daga baya. Sai ya yanke shawarar ya yi abin a gaban jama'a. Wata Asabar da safe ya ɗauko abokan aikinsa huɗu, dukkansu masu jiki, ya ce Oga ya ba shi ni in zauna a mota ko da wani abu. Muka tsaya a Palladan inda mata ke sayar da ƙosai, ya jira har babur ya iso, ya tsayar da shi, ya ce su tashi tare a ga namiji. Mista Bulus ya ce shi makaranta za shi, amma ba laifi.

Na ce masa a hankali, ranka ya daɗe, a saki kuloci sannu-sannu. Ya ce in riƙe shawarata. Ya sa giya ta ɗaya, ya take totur har ƙasa, ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Muka ji ƙas! daga ƙarƙashinmu, kamar an karya rake. Motar ta ɗan zabura ta tsaya. Inji kuwa, da ya ji an sauke masa kaya, sai ya ƙara murya. Malam Ɗahiru ya ƙanƙame sitiyari, ya sunkuya gaba, ya zuba wa hanya ido, shi a ransa gudu yake yi. Sai da wani mai jakuna uku da kayan itace ya zo ya wuce mu, ya ce mana sannunku da hutawa, sannan ya gane inda ake ciki. Mista Bulus ya riga ya yi nisa, amma sai ya juyo ya dawo ya tambaya ko akwai taimakon da zai yi. Ina jin wannan ya fi komai yi wa akawu ciwo.

Da igiya aka ja mu zuwa Sabon Gari. Kafin mu isa labari ya riga mu, gareji ya cika. Malam Ɗahiru na ta faɗa, ya ce an cuce shi, sai an kori wanda ya yi aikin. Oga Garba bai ɓata lokaci ba, ya ce ai dokar gida a bayyane take, Iliya ya ƙara shekara, maganar takarda kuma a manta da ita. Na ce na karɓi hukunci, amma a bar ni in buɗe a ga ɓarnar da na yi.

Na zaro na dama, ya fito guntu biyu. Na zaro na hagu, bai karye ba, amma farin layin nan ya zagaye shi kamar igiyar da aka tufka. Na goge mai da tsumma, na ajiye su a kan benci. Mai rake ne ya fara magana.

"Af, Oga, ba layin gwani ba ne wannan?"

Abu biyu ne suka rage wa Oga: ko ya ce hannunsa ya karkace a gaban shaidu, ko ya yarda ƙarfe ya murɗe. Ya ɗauki shaf ɗin ya juya shi. Can ya yi gyaran murya ya juya wajen akawu.

"Malam, ai tun farko na san za a yi haka. Me kake tsammani ya sa na ja layin da hannuna?"

Ya kama yi masa bayanin aksul tiryan-tiryan, da kalmomina, har da linzami da bakin kaza. Aka yi ta jinjina wa hangen nesansa. Ni ma na jinjina, don takardata ta fi mini gaskiyata amfani a ranar.

Malam Ɗahiru bai haƙura ba. Aka sa masa aksul ɗin a-kori-kura, sai tayoyi suka ƙi shiga, aka yanke bodi. Sai sifirin da ke ɗauke da nauyin motar ya kwanta, aka canza. Sai birki ya kasa. Kafin damina ta wuce, abin da ya rage na motar Bature oda ce da lamba, sauran duk a-kori-kurar nan ce ta dawo duniya. Ta yi nauyi, ta koma tafiyarta ta da, Mista Bulus kuma ya ci gaba da gaishe shi a Palladan.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kowa inji yake tambaya, don shi ke da baki. Ba wanda ke sunkuyawa ya tambayi ƙarfen da ke ɗauke da wahalar ko zai iya, sai ranar da ya karye a ce shi ne mai laifi. Ku auna shaf kafin ku taɓa inji. In kuma kun faɗi gaskiya an ƙi ji, kada ku yi musu, ku miƙa wa maigida fenti da rula.

Ƙarshen watan Oga ya ba ni takardata. Tana nan a akwatina har yau. Bai rubuta cewa na san aksul ba. Abin da ya rubuta shi ne: Iliya yana da ladabi, kuma yana karɓar gyara.