Bencin Baba Makulli

Duk wanda ya yi makarantar nan cikin shekara ashirin da huɗu da suka wuce ya san ƙarar Baba Makulli kafin ya san fuskarsa. Makullai goma sha ɗaya ne a ƙugunsa, in ya taho tun daga bakin famfo za ka ji kacau-kacau. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Shi ke wanke kwalabe, shi ke goge madubin ƙara girma, shi ke kakkaɓe ƙwarangwal ɗin roba da ke tsaye a lungu da ɓallallen hannu. Komai a sitonsa yana da mazauni, kuma komai yana warin kafur, don mutumin nan ko kwalin alli ne sai ya jefa masa ƙwaya biyu.

Yana aji uku ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne biyar. Sauran karatun a tsaye ya yi shi, a bayan aji, soso a hannu, kunne a wurin allo. Malamin ilimin halittu na wancan lokaci, wanda yara ke kira Malam Kwafi, aikinsa ɗaya ne: ya cika allo da harshen littafi, ya ce a kwafa. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa kuwa sai durƙuso da hannu a sama. Haka yara ke fitowa, littafi cike, kai wayam.

To daga nan sai benci. Wani dogon benci ne a ƙofar sito, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da bulo. Da an kaɗa ƙararrawar tara sai yara su cika shi, wasu a tsugune, Baba ya gyara zama ya warware musu da Hausa abin da Malam Kwafi ya ɗaure. Ya kwatanta zuciya da injin ban ruwa, ya kwatanta jijiya da tiyo. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya taɓa rubuta sunansa a kan takardar sakamako, amma shi ya san nas biyu da likitan dabbobi ɗaya da suka fito daga bencin nan. Abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya, ba makullan ba.

Cikin 'yan benci na bayan nan akwai 'Yar Tela, yarinya mai in'ina, wadda harshen littafi ke maƙale mata a maƙogwaro. Ita ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen tashi. Baba ya koya mata ta duba abu da kyau, ta juya shi, ta kaɗo warinsa da hannu zuwa hanci, kafin ta buɗe baki ta ce ga abin da yake. 'Ya'yansa na cikinsa babu wanda ya ɗauko wannan hali, shi ya sa yake ji da ita.

Sai Malam Kwafi ya yi ritaya, aka kawo wata 'yar siririyar malama da ba ta girmi babbar 'yar Baba ba. Mako bai zagayo ba yara suka raɗa mata Malama Me-ya-sa, don ba ka gaya mata komai ba ta ce maka me ya sa ba. Ranar farko ta sa aka jujjuya tebura, yara biyar-biyar suna fuskantar juna. Ta ce kowa ya yi gardama da harshen da tunaninsa ya fi gudu a ciki, in an gama a rubuta a kwali gida biyu, Hausa a dama, harshen littafi a hagu, a manna a bango. Ajin ya koma kamar tashar mota. Baba ya leƙo ya ga ikon Allah, ya taɓe baki ya ce a ransa ba za ta kai ƙarshen wata ba.

Ta kai, har ta wuce. Benci ne bai kai ba. Da farko mutum takwas, sai huɗu, sai wata rana aka kaɗa ƙararrawa Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya, babu wanda ya zo sai ƙadangare. Yaran suna can cikin aji, sun ƙi fita tara, suna ta musu a kan abin da ya sa halittu ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya.

Ba wai malamar ta raina shi ba ne, wannan ma shi ya fi ƙona masa rai. Har sito ta same shi ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta ji labarin benci, ko zai shigo ya riƙa zagaya rukunonin tare da ita. Baba ya sha toka ya ce shi ma'aikacin wanke kwalba ne, ina shi ina koyarwa. Ta ce to ƙofa a buɗe take. Da ta fita ya bi bayanta da harara. Ga shi kuma ta zo da wani ɗan kabad nata da ɗan kwaɗo, makulli na goma sha biyu a ɗakin, wanda ba ya ƙugunsa.

A gida ya ishi matarsa da zancen. Yau ya ce yarinyar nan za ta koya wa 'ya'yan mutane cewa kakansu biri ne, gobe ya ce ta mayar da ɗakin ilimi wurin wasan yara. Matar tana ninke kaya ta ce ita dai ba ta ji an ambaci biri ba sai a bakinsa.

"Baban yara, kishi kake yi," ta ce, "da furfurarka da komai."

Ya ce Allah ya kiyaye. Amma abincin ranar bai wuce masa da daɗi ba, don ta faɗi gaskiya.

Wasan da ya fi tsone masa ido shi ne na wake. Kowane rukuni da buhunsa mai launin ƙasa a shimfiɗe, a watsa masa wake fari hamsin, ja hamsin. Yara su zama tsuntsaye, su yi ta tsinta ɗaya-ɗaya har malama ta ƙirga goma. Waken da ya tsira, kowane a ƙara masa ɗaya mai launinsa daga kabad ɗin malama, wai ya haihu ke nan. Sai a ƙirga, a rubuta, a zuba a kwalba a rufe, a jera a kan taga sai Talata mai zuwa. Fari yana da saurin gani a kan buhu, saboda haka mako-mako yana raguwa, ja yana cika kwalba. Babu wanda ya gaya wa yaran dalili, da kansu suka gano, suna ihu kamar sun tsinci zinariya.

Kuma wa ke jan rukuni na uku? 'Yar Tela. Tana tsaye tana nuni da yatsa, in in'ina ta kama ta a harshen littafi ta zille zuwa Hausa, abokiyar zamanta ta mayar mata da maganar zuwa harshen littafi. In ta wuce ƙofar sito sai dai "Sannu, Baba," ko tsayawa babu. Wannan gaisuwar kullum sai ta yi masa ciwo.

Wata Jumma'a bayan an tashi, yana shara ya tsaya gaban kwalaben. An manna musu takarda da harshe biyu, kada a taɓa. A ɗakinsa, a tagar da ya shekara ashirin da huɗu yana gogewa, shi ake ce wa kada a taɓa! Wata dabara ta faɗo masa. Yaro ba ya zuwa benci sai kansa ya ɗaure. To bari kan ya ɗaure mana. Ya shiga sito ya sauko da tsohuwar kwalbar farin wake da Malam Kwafi ke gwajin tsiro da shi, ya ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu, ya zuba a kwalbar rukuni na uku, ya girgiza, ya rufe. Ya ce wa kansa gwaji ne shi ma yake yi.

Ranar Talata ya zo da sassafe, ya wanke benci, ya sake bulon da ke tokare da shi.

Aka buɗe kwalabe aka ƙirga. Rukuni na uku suka ga fari da suka bari tara ya zama ashirin da shida. Baba yana jin hayaniyar daga sito, yana jiran malama ta rikice, yara su kwararo. Ina! Sai ya ji muryarta cike da murna tana tambaya me ya sa. Maimakon rukuni ɗaya, aji gaba ɗaya ya taru a kan kwalba ɗaya. Wani ya ce kuskuren ƙirga ne, aka sake ƙirgawa. Wani ya ce jan ne ya koɗe, aka jiƙa guda biyu aka sa a rana a gani. Malama ta ba su mako guda su zo da hujja. Ranar ko ƙadangaren bai zo benci ba.

Da makon ya cika, Baba ya ɗauki tsumma ya laɓe a bayan aji yana goge abin da ba ya bukatar guga. 'Yar Tela ta miƙe. Da harshen littafi ta fara, tana tuntuɓe tana tashi, ba ta zille ba ko sau ɗaya. Ta ce guda goma sha bakwai daga cikin fararen sun fi sauran tsufa, wasu da hujin ƙwaro, saboda haka ba a cikin kwalbar aka haife su ba, daga waje suka shigo. Malama ta ce haka yake faruwa a daji ma, wasu su yi ƙaura su shiga cikin wasu, lissafin zuriya ya sauya. Sai wani yaro ya tambaya, to wa ya kawo su? 'Yar Tela ta ce wannan ba ya cikin tambayar da rukuninsu ya bincika. Ba ta dubi bayan aji ba. Aka tafa mata, Baba na riƙe da tsumma, kishi da kunya suna cin sa lokaci guda.

Da aka fita tara yana zaune shi kaɗai sai ga ta. Ta zauna a ƙarshen benci, wurinta na da. Ta kwance bakin ɗankwalinta ta juye masa wake goma sha bakwai a tafin hannu. Tun kafin su iso hancinsa ya ji kafur.

"Kai ka koya mini in shinshina, Baba," ta ce. "Ban gaya wa kowa ba."

Ya dunƙule waken a hannunsa. Ta tambaye shi ko ya taɓa karanta kwalin rukuninsu. Bai taɓa ba, don tun da aka fara manna su ya yi rantsuwa a ransa ba zai ɗaga kai ya duba ba. Ta tashi ta tafi, ba ta tambaye shi komai a kan karatu ba.

Sai da aka watse ya shiga ya sa tabarau. A saman kwalin rukuni na uku, da rubutunta mai karkata, an rubuta tambayar da suka fara da ita tun makon farko: me ya sa maganin da ke kashe kyankyasan sito shekarun baya yanzu ba ya kashe jikokinsu? Shi ya taɓa faɗa musu haka a benci, yana mita. A ƙarƙashi, gida biyu, dama da hagu, an rubuta: Wanda ya ba mu wannan tambaya, malaminmu Baba Makulli. Ranar da aka rubuta tana nan a gefe, mako biyar kafin ya taɓa kwalbar.

Ya cire tabarau. Sannan ya koma sito da waken a hannu, ya dubi tsohuwar kwalbar Malam Kwafi, ya dubi ta kan taga. Mutumin da ko ƙusa ya tsinta ya san inda zai ajiye ta, ya rasa inda zai zuba wake goma sha bakwai. Ya zuba su a aljihun gaban rigarsa ya kulle ɗakin. Da matarsa ta zo wanki ta ciro su za ta watsa wa kaji, ya ce ta mayar masa da su.